Kofin ƙasa: da abokin daka akan sha gari

Ranar wasan ƙarshe na kofin ƙasa ba a roƙon kowa ya je filin wasa. Shekaru da dama ana daidaita ranar da bukin 3 ga Agusta, sai rumfar manya ta cika da ministoci, da hafsoshi, da masu son a gan su kusa da ministoci. Makaɗa na aikinsu, Tele Sahel na ɗauka, kowa ya zama masoyin ƙwallo na yini guda. Amma kofin da ake miƙawa a wannan rana ya faro tafiyarsa tun watanni da suka wuce, a filayen jahohi, inda ƙungiyar unguwa ke karawa da ta garin maƙwabta gaban ƴan kallon da ake iya ƙirgawa ba tare da an gaji ba: dangin ƴan wasa, yaran da suka hauro katanga, mai tallar ruwan sanyi, da ƴan sanda biyu ko uku da aka turo tsaro.

A waɗannan zagaye na farko ne ake yanke hukuncin ko wasan ƙwallo na ƙasar nan zai ci gaba da zama na garuruwa da unguwanni, ko kuwa zai tattara gaba ɗaya ya koma hannun ma'aikatun gwamnati da ke Yamai. Babban rabo na wannan hukunci yana hannun ɗan kallo, ko da shi bai san da haka ba.

Inda kofi ya bambanta da shampiyona

Shampiyona, wato gasar zakarun ƙasa, tsere ne na mai dogon numfashi. Ana buga ta wata da watanni, gida da waje, kuma a ƙarshe wanda ya fi kuɗin mota, da albashi, da ƴan wasan canji, shi ke ɗaukar ta. Ƙungiyar Damagaram da za ta buga a Yamai tana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabanta, ta Maraɗi fiye da 600, ta Arlit kuwa ta haura 1,000. Kowace tafiya tana cin kuɗin kar, da masauki, da abincin mutane fiye da ashirin, alhali ƙungiyoyin babban birni suna buga yawancin wasanninsu ba tare da sun bar gari ba.

Sakamakon yana nan cikin jerin zakaru. Daga 2013 zuwa 2023, duk shekarar da aka kammala shampiyona, kambun ya faɗa hannun ƙungiyar duwan, ko ta gardi, ko ta soja, ko ta jandarma, ko kuma ta kamfanonin Sonidep da Nigelec. Nasarar Jangorzo ta Maraɗi a 1983, da ta Espoir ta Damagaram a 1984, sun zama labarin da dattawa ke ba jikoki.

Wannan ba laifin ƙungiyoyin ma'aikatu ba ne. Sun ba matasa da yawa abin yi da albashi, kuma sun fid da ƙasa kunya a waje: ASFAN ta kai matakin rukuni na kofin CAF a 2010, ƙungiyar jandarma ta USGN ta sake yin haka a 2022. Sai dai akwai gaskiya guda da ba a cika faɗa ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna iya rayuwa ko da babu mutum ɗaya a kan benci, domin cikinsu yana jingine da kasafin ma'aikata. Ƙungiyar gari kuwa, irin su Ɗan Ƙasawa a Maraɗi, ko Adar a Tawa, ko Urana a Arlit, rijiyoyinta uku ne: aljihun wani attajiri mai son wasa, ɗan tallafin hukumar gari idan ya zo, da kuɗin ƙofa. Rijiya ta farko tana ƙafewa ranar da attajirin ya yi fushi ko kasuwarsa ta karye. Ta biyu tana bin iskar siyasa. Ta uku ce kaɗai take hannun jama'a.

Kofin ƙasa, wanda aka soma bugawa a 1974, dokarsa dabam ce. Ƙuri'a ke haɗa ƙungiyoyi, wasa ke raba su, wanda ya faɗi ya koma gida. A cikin minti casa'in, dogon albashi ba ya hana mai tsaron gida kuskure, kuma ƙaramar ƙungiya da ta toshe bayanta tana iya jan babba har zuwa bugun fenariti, inda zuciya ke yin aikin da kuɗi ba su yi. Ladan ma ba ƙarami ba ne, domin mai kofi shi ke wakiltar ƙasa a gasar Afrika. Gaskiya ne Sahel ta Yamai ta fi kowa yawan ɗaukarsa, amma a 2001 Akokana ta tafi da shi Arlit, can bakin hamada. Wannan ita ce ƙofar da ta rage a buɗe ga garuruwan da ke nesa da fadar gwamnati, kuma maɓallinta yana zagaye na farko.

Lissafin ƙofa

Bari a yi lissafi na misali. A ɗauka tikiti dala ɗari ne. Idan mutum 200 suka shiga, abin da aka tara jika 100 ke nan. Kafin a sallami alƙalan wasa, da masu tsaro, da mai zana fili, a sayi ruwa da ƙanƙara, abin da ya rage ba zai kai ƙungiya ko rabin hanyar Yamai ba. Idan kuwa mutum 2,000 suka shiga a kan wannan farashi, an tara miliyan guda. Bambancin da ke tsakanin lissafin biyu shi ne bambancin da ke tsakanin ƙungiyar da za ta tafi zagaye na gaba da ƙoshi, da wadda shugabanta zai bi shaguna yana roƙon kuɗin mai, ko kuma ta kasa tafiya a ba abokiyar karawarta nasara a kan tebur. Garuruwa irin Maraɗi da Damagaram, masu ɗaruruwan dubban mazauna, ba za su ce sun rasa mutum 2,000 masu dala ɗari ba.

Amfanin taro bai tsaya ga kuɗin tikiti ba. Ɗan kasuwa ba ya liƙa sunan kantinsa a rigar da babu mai ganinta. Gidan rediyo ba ya tura ɗan rahoto inda ba a jin motsi. Shugaban gari da ya ga fili ya cika, da kansa zai nemi a gyara katanga da famfo, domin ya san idanun da ke kallon wasa su ne ke kallonsa. Alƙalin wasa ma ya fi tsoron Allah idan shaidu sun yi yawa. A filin da babu kowa ne ake yin cinikin da ba a so a gani. Shi kuwa yaron da ke buga wasansa na farko gaban dubban mutanen garinsu, ya koyi darasin da babu mai horarwa da zai iya koya masa.

Waɗannan yara ba abin rainawa ba ne. Musa Ma'azu, wanda ya ci Masar a Yamai ranar 10 ga Oktoba 2010, lokacin da Masar ke riƙe da kofin Afrika karo na uku a jere, a filayen gida ya fara, kuma daga ASFAN ya tafi Turai. Wannan nasara ce ta share wa Mena hanyar zuwa kofin Afrika na 2012, karo na farko a tarihi, sannan ta sake zuwa a 2013. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya har suka tsallake matakin rukuni. A farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, wadda ƴan wasan cikin gida kaɗai ke bugawa, Nijar ta doke Kamaru, ta doke Gana da ci biyu da babu, ta ƙare a matsayi na huɗu. Jama'a sun yi murna a tituna. Amma ƴan wasan da aka yi wa wannan murna su ne dai waɗanda, da suka dawo, suka ci gaba da buga kofin ƙasa gaban benci wayam.

Darasin kokowa

Ba sai an je nesa neman misali ba. Tun da aka soma gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, ba a taɓa jin an roƙi ɗan Nijar ya je kallon kokowa ba. Jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, gasa tana zagayawa daga wannan jaha zuwa waccan, kuma mai son kokowa ba ya jiran ranar doki da rawani. Yana nan tun ranar farko, domin ya san duk wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya fita daga neman takobi, kuma sau da yawa a kwanakin farko ne wani yaro da ba a san sunansa ba ke kada gwarzon da ake yi wa kirari. Kafin ma a kai nan, mutane sun bi zaɓen ƴan kokowa tun daga gundumomi. Sun san ɗan wane ne, sun san ƙauyensu, sun san wanda ya kada bara.

Tsarin kofin ƙasa shi ne tsarin kokowa: faɗuwa ɗaya ta isa. Abin mamaki shi ne mutumin da ya gane wannan a da'irar yashi, sai ya manta da shi a filin ƙwallo. Kokowa ta riƙe jama'arta ne saboda kowa na ganin ɗan kokowa a matsayin wakilin garinsu. Ranar da Bamaraɗe ya ɗauki Jangorzo kamar yadda yake ɗaukar ƴan kokowar jaharsa, rabin matsalar ya warware.

Siyasa ma ta koyar da wannan darasi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, zagaye na farko da aka yi a Fabrairu shi ya tace ƴan takara ya bar Tanja Mamadu da Mahaman Usman, kafin Mahaman Usman ya yi nasara a Maris. Wanda ya kwanta a gida ranar zagaye na farko, bai da bakin ƙorafi kan mutum biyun da aka kawo masa a na biyu. Haka ma mai goyon bayan da ya ƙi zuwa lokacin da ƙungiyar garinsu ke bukatar muryarsa, bai da hujjar yin gunaguni idan ya kunna telebijin ranar wasan ƙarshe ya tarar da masu kaki suna karawa da masu kaki.

Abin da ya faru da Kale

Masu bin wasan Faransa suna yawan kawo labarin ƙungiyar Kale, kuma ya cancanci a kawo shi, amma har ƙarshensa. Kofin Faransa, wanda aka kafa a 1917, yana karɓar ƙungiyoyi fiye da 7,000 a shekara, kuma manyan ƙungiyoyin aji na ɗaya ba sa shiga sai an rage saura 64. A shekara ta 2000, Kale, ƙungiyar aji na huɗu wadda ƴan wasanta ma'aikata ne da ke atisaye bayan an tashi aiki, ta fid da Istarasbur, ta fid da Bordo mai riƙe da kambun ƙasa, ta kai wasan ƙarshe. Nant ta doke ta da ci biyu da ɗaya, da fenariti a mintin ƙarshe, kuma kyaftin ɗin Nant ya kira na Kale suka ɗaga kofin tare. Faransa duka ta yi ta tafi.

A 2017 aka rushe ƙungiyar Kale saboda bashi. Dubban da suka bi ta Paris ranar ɗaukaka ba su iya ceton ta ba, domin taron rana ɗaya ba ya ciyar da ƙungiya shekara goma sha bakwai. Abin da ke riƙe ƙungiya shi ne mutumin da ke zuwa ranar da babu kyamara, ya biya, ya zauna, ya dawo mako mai zuwa.

Akwai kuma abubuwa biyu na kofin Faransa da suka dace a duba. Doka ta ce idan tazarar aji biyu ta raba ƙungiyoyin da ƙuri'a ta haɗa, a gidan ƙaramar ake bugawa. Al'ada kuma ta sa manyan ƙungiyoyi sukan bar wa ƙaramar rabonsu na kuɗin ƙofa. Babu abin da ke cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Nijar.

Hujjojin masu zama gida

Masu ƙin zuwa fili suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko su ce wasan ba ya da kyau. Wanda ya saba kallon Real Madrid da Basalona a gidan kallo na unguwa, in ya ga ƙwallo na tsalle a kan burji, ransa zai ɓaci. To amma waɗancan ƙungiyoyi ba daga sama suka faɗo ba. Kakannin magoya bayansu sun yi shekaru suna tsayuwa cikin sanyi suna biyan kuɗin ƙofa kafin a kai inda aka kai. Kuɗin da matashin Tawa ke kashewa a gidan kallo, da na rigar Mesi da ya saya a kasuwa, ko tamma ɗaya ba ta komawa ga yaron unguwarsu da ke buga wasa da takalmin aro. Ba wanda ya ce a daina kallon Turai. Wasannin can da yawa da dare ake yin su, na gida kuwa tsakanin la'asar da magariba. Mutum ɗaya yana iya yin duka biyun. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na biyu su ce talauci. Wannan gaskiya ne, kuma mai iyali da ke lissafin tiyar hatsi ba za a zarge shi ba. Amma fadojin samari da ke tara kuɗin shayi da sukari kullum, har su yi anko ranar buki, suna iya tara kuɗin tikiti sau biyu ko uku a shekara. Wasan zagaye na farko shi ne mafi araha cikin duk wasannin da mutum zai gani, ba ya bukatar kuɗin mota, kuma a nan ne dala ɗari ta fi yin nauyi.

Na uku su ce zafi da rigima. Ranar Afrilu da Mayu ba abin wasa ba ce, filaye da yawa ba su da inuwa, kuma an sha ganin wasa ya ƙare da jifa. Wannan ƙorafi yana kan hanya, kuma maganinsa yana wuyan masu shiryawa. Sai dai a lura da cewa ƴan jifa sun fi samun sarari inda dattawa da masu mutunci suka ƙaurace. Filin da malamin makaranta, da limamin unguwa, da uba da ƴaƴansa ke zama, yaro ba ya ɗaukar dutse da sauƙi.

Na huɗu, wanda ya fi kowane ƙarfi, su ce ba su san da wasan ba. Mutum yana iya faɗin ranar da za a buga wasan Ingila wata uku kafin lokaci, amma wasan da za a yi bayan gidansu sai ya ji ihu daga nesa. Wannan kam laifin ba na ɗan kallo ba ne.

Nauyin da ke kan kowa

Hukumar FENIFOOT da rassanta na jahohi su ne na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fid da ranakun kofi tun farkon kaka, a tsaya a kansu, a yi ƙuri'a a bainar jama'a, kai tsaye a rediyo, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. A sa doka cewa ƙaramar ƙungiya ita ke karɓar baƙuncin babba, domin ranar da ASFAN ko Sahel za ta sauka Tasawa, ko Madawa, ko Mirya, ko Ƙwanni, ba sai an yi shela sau biyu ba. A bayyana kuɗin da aka tara a ƙofa bayan kowane wasa, da yadda aka raba su, domin mutum ya fi sakin hannu idan ya san inda kuɗinsa ke zuwa.

Ƙungiyoyin ma'aikatu, tun da ba da kuɗin ƙofa suke rayuwa ba, ba za su yi asarar komi ba idan suka bar wa mai masaukinsu rabonsu. Su ma ribarsu ce, domin daga waɗannan ƙananan ƙungiyoyi suke ɗebo ƴan wasa.

Hukumomin gari su tuna cewa an riga an kashe kuɗin gini. Bukukuwan 18 ga Disamba sun gyara Maraɗi a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, kuma filin Maraɗi ya karɓi wasannin kofin Afrika na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Gini ba tare da mutane ba kango ne mai fenti. Rumfar inuwa, ruwan sha, wurin alwala, da ɓangaren da mata da yara za su zauna cikin natsuwa, ba su kai kuɗin bukin rana ɗaya ba.

Gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda suka yawaita tun bayan taron ƙasa na 1991, suna ba da lokaci mai tsawo ga sakamakon Ispaniya da Ingila. Minti goma a mako kan ƙungiyoyin jaha, da sunayen ƴan wasa da unguwanninsu, zai sa mai saurare ya san wanda zai je gani. Shugabannin ƙananan ƙungiyoyi kuma su daina jiran jama'a su zo da kansu. Su bi fadoji, da tashoshin kabu-kabu, da makarantu, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa, su sayar da tikiti tun kafin ranar, su bar yara ƴan makaranta su shiga kyauta idan suna tare da babba.

Amma duk waɗannan gyare-gyare suna iya ɗaukar shekaru, kuma masu mulkin wasa ba su cika motsawa ba sai sun ga taro. Ɗan kallo shi kaɗai ne ba ya bukatar izinin kowa. A Satumba 2024, wasan da Mena ta karɓi baƙuncin Gana a Barkan ta ƙasar Maroko aka buga shi, kuma mai goyon baya na Yamai ma a telebijin ya gan shi, balle na Gure ko Dakwaro. Wasan da babu wanda zai iya ɗauke wa mutum zuwa wata ƙasa shi ne na filin garinsu. Idan ƙuri'ar kofin ƙasa ta fito, ya nemi ranar, ya ja ɗansa ko ƙanensa, ya biya a ƙofa maimakon neman wanda zai shigar da shi ta baya. Wataƙila a ci ƙungiyarsa biyar da babu. Wataƙila kuma ya ga abin da zai ba jikokinsa labari, kamar yadda mutanen 1983 ke bayarwa har yau. Ko wane ne ya faru, kuɗin motar zagaye na gaba, ko na takalman baɗi, daga aljihunsa suka fito, kuma ranar da aka zo shan gari babu mai ce masa baƙo.